Lucille Ball: 'Yar barkwancin da ta tsallake farautar 'yan gurguzu, daga baya aka raɗa wa lambar yabo sunanta

A ranar Juma'a, 11 ga watan Satumban 1953, wata jaridar yamma ta birnin Los Angeles mai suna Herald-Express ta fito da babban kanun labari da jan tawada. Tare da labarin an buga hoton wata takardar rajistar zaɓe ta shekarar 1936, inda Lucille Ball ta sa hannu a kan cewa tana tare da Jam'iyyar Kwaminis. A wancan lokaci babu fuskar da Amurkawa suka fi sani a talabijin kamar tata, domin shirinta na barkwanci, I Love Lucy, shi ne kan gaba a yawan masu kallo a faɗin ƙasar.

A Amurkar 1953, irin wannan takarda ta isa ta rufe wa mutum kowace ƙofar neman abinci. Watanni uku kafin nan aka zartar wa Julius da Ethel Rosenberg hukuncin kisa bisa laifin yi wa Tarayyar Soviet leƙen asiri, kuma ɗaruruwan marubuta da 'yan wasa sun rasa aiki a kan zargin da bai kai nata ƙarfi ba. Amma ita a daren ranar ta shiga ɗakin ɗaukar shiri, 'yan kallo suka tarbe ta da tafi. Bayan wata biyar shirin nata ya sake lashe lambar Emmy. Da ta rasu a 1989, sunanta aka raɗa wa kyautar da ake bai wa gwanayen barkwanci na Amurka.

Marainiya daga Jamestown

An haifi Lucille Désirée Ball ranar 6 ga Agustan 1911 a garin Jamestown na jihar New York. Mahaifinta, Henry Ball, ma'aikacin jan wayar tarho ne. Zazzaɓin taifod ya kashe shi a 1915, tana 'yar shekara uku, mahaifiyarta kuma na ɗauke da cikin ƙaninta Fred. Yawancin ƙuruciyarta ta yi ta ne a ƙauyen Celoron da ke kusa da Jamestown, a gidan kakanta na wajen uwa, Fred Hunt. Dattijon mutum ne mai tsananin ra'ayin kare 'yancin ma'aikata, mabiyin Eugene Debs, jagoran 'yan gurguzun Amurka wanda ya yi takarar shugaban ƙasa sau biyar. Shi ne kuma ya riƙa kai jikokinsa kallon wasannin dandali.

A 1927 wani tsautsayi ya wargaza gidan. Yara na koyon harbi a bayan gida ƙarƙashin kulawar kakan, sai harsashi ya sami wani yaron maƙwabta ya nakasa shi. Iyayen yaron suka kai ƙara, kotu ta ɗora wa dattijon alhaki, aka sayar da gidan da kayan cikinsa. Ya fito daga shari'ar hannu rabbana, da ƙullin zuciya a kan tsarin da ya ga ya murƙushe talaka.

Ita kuwa Lucille, tun tana 'yar shekara 15 aka sa ta a makarantar koyon wasan kwaikwayo ta John Murray Anderson da ke birnin New York, inda Bette Davis take cikin ɗalibai. Malaman suka sanar da mahaifiyarta cewa ɓarnar kuɗi kawai ake yi, yarinyar ba ta da baiwa. Ta koma tallan tufafi a shagon Hattie Carnegie, sannan hotonta ya hau allunan tallan sigarin Chesterfield. Wannan talla ce ta samar mata gurbi cikin 'yan matan rawa na fim ɗin Roman Scandals a 1933, abin da ya kai ta Hollywood.

Shekara goma sha takwas a layi na biyu

Daga 1933 zuwa 1951 ta fito a gomman finafinai, mafi yawansu a kamfanin RKO, har aka yi mata laƙabi da sarauniyar ƙananan finafinai. Ta taka rawar gani a Stage Door na 1937, da The Big Street na 1942 tare da Henry Fonda, amma manyan kamfanoni ba su taɓa ɗaukar ta a matsayin tauraruwar sahun farko ba. Jan gashin da duniya ta san ta da shi ma rini ne, wanda aka fara yi mata a kamfanin MGM domin fim mai kala na Du Barry Was a Lady a 1943.

A wajen ɗaukar fim ɗin Too Many Girls a 1940 ta haɗu da Desi Arnaz, makaɗi ɗan ƙasar Kyuba. Mahaifinsa ya yi magajin garin Santiago, amma juyin juya halin 1933 da ya kifar da Shugaba Gerardo Machado ya raba su da dukiyarsu, suka yi gudun hijira zuwa Miami. An ɗaura musu aure ranar 30 ga Nuwamban 1940. Auren ya sha tangal-tangal, domin shi yana yawon kiɗa gari-gari, ita kuma tana Hollywood.

A 1948 ta fara jagorantar wani wasan barkwanci na rediyo a gidan CBS mai suna My Favorite Husband. Da wasan ya karɓu, CBS ta so a mayar da shi talabijin. Lucille ta gindaya sharaɗi guda: mijinta na gaske ne zai fito a matsayin mijinta. Shugabannin gidan suka ƙi, suna ganin Amurkawa ba za su aminta da Ba'amurkiya tana auren ɗan Kyuba mai karyayyen Turanci ba. Ma'auratan suka kafa kamfaninsu, Desilu, wanda suka haɗa sunansa daga sunayensu biyu, suka zaga garuruwa a 1950 suna wasa a gaban jama'a domin su nuna cewa mutane za su karɓe su. Ɗakunan wasa suka cika, CBS ta sakko.

Cinikin da ya sauya harkar talabijin

A farkon shekarun 1950 ana watsa yawancin shirye-shirye kai tsaye ne daga New York. Mazauna yammacin ƙasar kuwa sai dai su kalli kwafi mai dishi-dishi da aka ɗauka ta hanyar kafa kyamara a gaban akwatin talabijin. Kamfanin sigari na Philip Morris, wanda ya ɗauki nauyin shirin, ya nace a yi shi a New York, tunda a gabashin ƙasar mafi yawan masu kallo suke. Lucille tana da ciki a lokacin, kuma ita da mijinta ba su da niyyar barin Kalifoniya.

Arnaz ya kawo mafita: a ɗauki shirin a faifan fim mai inganci irin na silima a Los Angeles, a aika wa tashoshi. Hakan ya fi tsada, sai ma'auratan suka amince a zabtare dala dubu ɗaya daga albashinsu na dala dubu biyar a mako, a bisa sharaɗin cewa faifan shirin mallakarsu ne. CBS ta yarda, domin a lokacin ba wanda yake ganin shirin da aka riga aka nuna yana da sauran daraja. Suka ɗauko Karl Freund, gwanin ɗaukar hoto da ya yi suna a masana'antar fim ta Jamus, ya tsara hasken da zai ba kyamara uku damar ɗauka a lokaci guda a gaban 'yan kallo. Har yau da wannan tsari ake ɗaukar wasannin barkwanci da dama.

An fara nuna I Love Lucy ranar 15 ga Oktoban 1951, Lucille na da shekara 40. Labarin matar aure ne mai burin shiga harkar wasa, mijinta na hana ta, ita kuma kullum tana ƙulla dabarar da ke juye mata. Jess Oppenheimer da Madelyn Pugh da Bob Carroll ne suke rubutawa, ita kuma ta shahara da maimaita gwaji har sai kowane motsi ya zauna daram. A cikin zango shida da aka yi ana shirin, sau huɗu yana zama na ɗaya a ƙasar.

Da ta sami ciki na biyu a 1952, aka shigar da cikin cikin labarin, abin da ba a saba gani ba a talabijin. CBS ta hana a furta kalmar da ke nufin ciki ƙarara, aka kuma gayyato limamin Katolika da fasto da malamin Yahudawa suna duba rubutun. Ranar 19 ga Janairun 1953 ta haifi ɗanta Desi ƙarami, a daren kuma aka nuna kashin da Lucy ta haihu a cikin wasan. Mutum kusan miliyan 44 suka kalla. Washegari aka rantsar da Shugaba Dwight Eisenhower, masu kallonsa ba su wuce miliyan 29 ba. A lokacin hutun haihuwarta ne aka sake nuna tsofaffin kashi-kashin shirin, jama'a suka kalla kamar sababbi, sai CBS ta fahimci abin da ta saki.

Emmy tana jaririya

Lambar yabo ta talabijin ba ta daɗe da haihuwa ba a lokacin. Syd Cassyd ne ya kafa cibiyar masu sana'ar talabijin a Los Angeles a 1946, kuma an yi bikin Emmy na farko ranar 25 ga Janairun 1949 a Hollywood Athletic Club, domin shirye-shiryen yankin Los Angeles kaɗai. Sunan ya samo asali daga laƙabin da injiniyoyi ke yi wa wata kwalbar lantarki da ke cikin kyamarar talabijin ta zamanin. Wadda ta fara karɓar lambar ita ce Shirley Dinsdale, matashiya mai wasa da 'yar tsana, tana sa ta magana ba tare da an ga motsin bakinta ba.

A bikin 1952, wanda Lucille da mijinta suka jagoranta, Red Skelton ne aka bai wa lambar gwanin barkwanci, amma da ya hau mumbari sai ya shaida wa mahalarta cewa Lucille Ball ce ta cancanta. A Fabrairun 1953 ta karɓi tata, shirin kuma ya zama gwarzon wasannin barkwanci. A tsawon rayuwarta an tsayar da ita takara sau 13, ta lashe sau huɗu: a 1953 da 1956 da 1967 da 1968. Desi Arnaz, wanda ya ƙulla cinikin da ya sauya sana'ar baki ɗaya, ba a taɓa tsayar da shi takarar lambar gwanin wasa ba.

Takardar 1936

Tun 1947 kwamitin Majalisar Wakilan Amurka mai binciken ayyukan da ake ganin sun saɓa wa ƙasa ya sa Hollywood a gaba. Marubuta da daraktoci goma da suka ƙi amsa tambayoyinsa sun yi zaman kurkuku. A watan Yunin 1950 aka wallafa wani ɗan littafi mai suna Red Channels, ɗauke da sunayen mutum 151 na rediyo da talabijin da ake zargi da alaƙa da 'yan Kwaminis. Ba kotu ce ta rubuta shi ba, amma kamfanonin da ke biyan kuɗin talla suka mayar da shi ma'aunin ɗauka da kora.

Bayanan da ke hannun kwamitin game da Lucille ba su tsaya a kan rajistar zaɓe ba. A 1936 ta sa hannu a takardar tsayar da wani ɗan takarar Jam'iyyar Kwaminis a majalisar jihar Kalifoniya, kuma sunanta ya fito a jerin mambobin kwamitin tsakiya na jam'iyyar a jihar. Wata tsohuwar 'yar jam'iyyar ta ba da shaidar cewa ta halarci taron sababbin mambobi a gidan da aka ce mata na Lucille ne, ko da yake mai gidan ba ta nan. Mahaifiyarta da ƙaninta su ma sun yi rajista iri ɗaya.

Ta gana da mai binciken kwamitin, William Wheeler, a asirce a 1952, sannan a karo na biyu ranar 4 ga Satumban 1953. Ta amince ta yi rajistar, amma ta ce ta yi ne domin ta faranta ran kakanta da ke fama da rashin lafiya, cewa ba ta taɓa shiga jam'iyyar ba, ba ta jefa mata ƙuri'a ba, kuma ba ta san an sa sunanta a kwamitin tsakiya ba. Kakan ya riga ya rasu shekaru da dama kafin lokacin. Kwana biyu bayan ganawar, ɗan jarida Walter Winchell ya shaida wa miliyoyin masu sauraronsa cewa an tuhumi babbar 'yar barkwancin talabijin da zama 'yar Kwaminis, ba tare da ya ambaci suna ba. Kowa ya gane wadda ake nufi.

A ranar da jarida ta buga takardar, ɗan majalisa Donald Jackson, mamba a kwamitin, ya kira taron manema labarai ya bayyana cewa babu wata hujjar da ke nuna ta taɓa zama 'yar jam'iyyar. Da dare, kafin a fara ɗaukar shirin, Arnaz ya fito gaban 'yan kallo ya tuna musu cewa shi da kansa juyin juya hali ne ya kore shi daga ƙasarsa. Ja shi ne launin 'yan Kwaminis, sai ya ce musu gashin matarsa ne kaɗai abu ja a tare da ita, shi ma kuma rini ne. Cikin 'yan kwanaki maganar ta mutu.

Waɗanda ba su tsira ba

Saurin wannan wanki yana fitowa fili idan aka ajiye shi kusa da abin da ya sami wasu. Jean Muir ta rasa gurbinta a shirin The Aldrich Family a 1950 saboda sunanta ya fito a Red Channels. Hazel Scott, makaɗiyar fiyano baƙar fata da ke da shirinta na kanta a tashar DuMont, ta kai kanta gaban kwamitin a Satumban 1950 domin ta wanke sunanta, bayan mako guda aka soke shirin.

Mafi muni shi ne abin da ya faru da Philip Loeb, mai fitowa a matsayin maigida a wasan barkwanci na The Goldbergs, wanda ya yi suna wajen fafutukar ƙungiyar 'yan wasa. Kamfanin General Foods ya nemi a kore shi, mai shirin Gertrude Berg ta ƙi. Berg ce ta lashe lambar Emmy ta gwanar wasa a farkon 1951, amma lambar ba ta hana CBS dakatar da shirin a shekarar ba. Da ya dawo a tashar NBC a 1952, babu Loeb a ciki. Ya kashe kansa a wani otal a New York ranar 1 ga Satumban 1955.

Abin da ya bambanta Lucille da waɗannan mutane a bayyane yake a takardun ciniki. A farkon 1953 Desilu ya sa hannu a yarjejeniyar dala miliyan 8 da Philip Morris da CBS, mafi girma a tarihin talabijin zuwa lokacin. Korar ta na nufin rushe shirin da ya fi kowanne kawo kuɗi, kuma shirin ma na kamfaninta ne. Kamfanin sigarin ya tsaya mata, CBS ta tsaya mata, kwamitin kuma bai nemi ta ambaci sunayen wasu a bainar jama'a ba kamar yadda ya tilasta wa da yawa. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. A bikin Emmy na Fabrairun 1954, I Love Lucy ya sake zama gwarzon wasannin barkwanci, abokiyar wasanta Vivian Vance ita ma ta karɓi lamba.

Daga gaban kyamara zuwa kujerar shugabanci

An kammala I Love Lucy a watan Mayun 1957 bayan kashi 180. Ma'auratan suka sayar wa CBS faifan da ta bar musu a arha, a kan sama da dala miliyan 4, suka kuma sayi ɗakunan shirya fim na RKO a kan kusan dala miliyan 6. Kamfanin da ya riƙe ta a layi na biyu shekara da shekaru ya koma hannunta. Auren kuwa bai jure ba. Shaye-shayen Arnaz da neman matansa sun kai su ga rabuwa a 1960, a shekara ta gaba ta auri ɗan barkwanci Gary Morton.

A Nuwamban 1962 ta sayi hannun jarin Arnaz, ta zama mace ta farko da ta shugabanci babban kamfanin shirya shirye-shiryen talabijin a Amurka. Tana riƙe da kujerar tana kuma fitowa a sabon shirinta, The Lucy Show. A zamaninta ne Desilu ya fitar da Star Trek da Mission: Impossible a 1966, duk da gargaɗin masu ba ta shawara cewa tsadarsu za ta durƙusar da kamfanin. A 1967 ta sayar da Desilu ga Gulf+Western a kan dala miliyan 17, aka narkar da shi cikin Paramount. Ta ci gaba da wasa a Here's Lucy har 1974.

Lambar da ta gaji sunanta

Shekarunta na ƙarshe sun haɗa karramawa da faɗuwa. A 1984 tana cikin mutum bakwai na farko da aka shigar zauren girmamawa na talabijin, ita kaɗai ce mace a cikinsu. A 1986 ta dawo da shirin Life with Lucy a tashar ABC, aka soke shi bayan an nuna kashi takwas kacal. A ranar 2 ga Disamban shekarar Arnaz ya rasu, bayan 'yan kwanaki aka karrama ta a Cibiyar Kennedy da ke Washington.

A 1987 furodusa George Schlatter, wanda ya yi suna da shirin Laugh-In, ya ƙirƙiro American Comedy Awards, bikin shekara-shekara da aka keɓe wa masu barkwanci na talabijin da fim da dandali, aka fara nuna shi a ABC. A bikin farko an ba Lucille lambar karramawa ta aikin rayuwa. Fitowarta ta ƙarshe a bainar jama'a ita ce a bikin Oscar na 29 ga Maris 1989 tare da Bob Hope, inda mahalarta suka miƙe tsaye suna tafi. Ta rasu ranar 26 ga Afrilun 1989 a asibitin Cedars-Sinai na Los Angeles sakamakon fashewar babbar jijiyar jini, tana da shekara 77. A watan Yuli Shugaba George Bush babba ya ba ta lambar 'yanci ta shugaban ƙasa, mafi girma da ake bai wa farar hula, shekara 36 bayan kwamitin majalisa ya bincike ta.

Bayan rasuwarta ne masu shirya American Comedy Awards suka sa wa ɗan mutum-mutumin da suke bayarwa suna Lucy. Bikin ya ci gaba har 2001 sannan ya tsaya. Tashar NBC ta farfaɗo da shi a 2014, aka yi sau ɗaya bai sake dawowa ba. An mayar da tokar gawarta Jamestown a 2002, kusa da danginta, kuma a garin ne aka buɗe cibiyar tarihin barkwanci ta ƙasa a 2018.